Sa Hannun Barde Dorval

Ranar Asabar ce, bayan ƙararrawar tsakar rana da kamar rabin awa, waya ta yi ƙara a caji ofis na garinmu, Hal Tinna. Sufeto Nazju Ellul ya buɗe takardar burodinsa mai tumatir da man zaitun ke nan, ko cizo ɗaya bai yi ba.

Fada Mikel ne, limamin cocin garin.

"Sufeto, Malam Indri ya rasu. Kuma ba ciwo ne ya ɗauke shi ba."

Sufeto ya mayar da burodin cikin takarda, ya kira Saja Rozina Tabone, suka fita a ƙasa, don cocin ba ta da nisa.

Malam Indri Psaila tsohon malamin makaranta ne. Tun da ya yi ritaya yake kula da ɗakin da ke saman coci, inda ake ajiye littattafan baftisma da na aure da na mutuwa, na shekara ɗari huɗu. Rabin garin nan shi ya koya wa karatu, har da Sufeton.

Sun same shi kwance kusa da teburinsa, jini ya bushe a ƙeyarsa. Gefe guda ga dunƙulen tagulla da yake danne takarda da shi. A kan tebur akwai wani babban littafi a buɗe.

Likita ya ɗago ya ce, "An buge shi wajen ƙarfe tara da rabi zuwa goma. Amma bai cika ba sai bayan sha biyu. Da an kira mu cikin awa guda, da yanzu yana gadon asibiti yana yi mana gyaran nahawu."

Sufeto ya sunkuya kan littafin. Na baftisma ne, na shekarar 1743. An yanke shafi ɗaya daga tsakiya, yanka mai tsabta.

Saja ta ce, "Yallaɓai, dubi yadda ƙwaro ya cinye shi. Rami ɗaya ya ratsa shafi ya fi ashirin."

"Shi ƙwaro yunwa ce ta sa shi. Wa ya fara ganin gawar, Fada?"

Fada ya ce, "Tesfalem. Maginin nan ɗan Eritiriya da ke gyara mana matakalar hasumiya. Mutane sun ga jini a rigarsa, sun taru a kansa. Yaranku sun tafi da shi."

Kafin su koma ofis, Sufritanda ya riga ya bugo waya daga birni. Ya ce magana a fili take, ga baƙo, ga jini. Doka ta ba su awa arba'in da takwas. Litinin da ƙarfe ɗaya ko dai a kai Tesfalem kotu da tuhumar kisa, ko a kawo wani a madadinsa.

Tesfalem mutum ne mai kimanin shekara hamsin, hannuwansa duk sun tsage da siminti. Shekara tara yana ƙasar nan, saura wata biyu a ba matarsa izinin zuwa. Yana zaune a ɗakin tambayoyi, ya ƙura wa tebur ido.

"Me ya kai ka ɗakin?" in ji Sufeto.

"Abinci, Yallaɓai. Kullum tare muke ci. Shi ya kawo burodi, ni in kawo shayi."

"Jinin fa?"

"Na tarar yana numfashi. Na ɗora kansa a cinyata, na yi ta kira. A hannuna ya cika."

"Da safe kana ina?"

"Cikin hasumiya, ni kaɗai. Duwatsu ba sa ba da shaida."

"Wane aiki yake yi a littafin nan?"

"Aikin manya. Masu baƙar alkyabba. Ya ce su suka ba shi ya bi musu asalin wani." Sannan ya ƙara, "Ranar Alhamis yana ta dariya shi kaɗai. Ya ce mini, ‘Tesfalem, yau na tsinci wani ɗan'uwanka, shi ma ta teku ya zo, shi ma ba a tambaye shi ko yana so ba.’ Na ce wane ne. Ya ce sai mai abu ya fara ji."

Masu baƙar alkyabba, kowa a garin nan ya san su. Ƙungiyar Magada ce. Ba ruwansu da tsohuwar rundunar baraden Kirista ta ainihi, wadda har yau take da mazauni a Rum, waɗancan ma ba su san da zamansu ba. Wasu masu hali ne suka haɗu shekara sittin da suka wuce, suka ɗinka alkyabba mai farin gicciye, suka ce su ne jinin baraden da.

Shugabansu Baron Gwido Santelia ya karɓi 'yan sandan da yamma, a wani falo mai cike da takubba da hotunan matattu. Bai ce su zauna ba.

"Ranka ya daɗe, wane ne Malam Indri yake bi wa asali?"

Baron ya ɗaga yatsa. "Sai ka san mu tukuna, Sufeto. Shekara ɗari tara da suka wuce, a Kudus, wasu bayin Allah suka buɗe asibiti don matafiya masu ziyara. Marasa lafiya suke kira iyayengijinmu. Da hanya ta ɓaci, suka ɗauki takobi. Aka kore su zuwa tsibirin Rodos, daga Rodos zuwa tsibirinmu nan. Kowane barde yakan yi alkawari uku: ba dukiya, ba mace, ba musu. Kuma ba a karɓar mutum sai ya kawo shaidar kakanninsa duka 'ya'yan sarauta ne. Mu ma a kan haka muke. Duk Asabar muna zuwa gidan tsofaffi mu ciyar da su da kwanon azurfa, kamar yadda baraden suka yi."

"Madalla. Wane ne?"

"A halin yanzu ba mu da mai neman shiga."

Saja Rozina tana tsaye bakin ƙofa, tana karanta wani kati mai ruwan zinariya da ke kan teburi.

"Ranka ya daɗe, to wannan bikin yafa alkyabba na Lahadi mai zuwa fa? Na ga an rubuta Lauya Ektor Dorval."

Baron ya dube ta kamar ƙuda ya faɗa masa a miya.

"Wannan ai gado ne, ba nema ba. Sunan Dorval yana rubuce a dutsen kabari tun kafin kakanninki su san takalmi. Rahoton Psaila cika ƙa'ida ne kawai."

Da suka fito, Saja ta ce, "Yallaɓai, ka lura bai ko ce Allah ya ji ƙansa ba?"

"Na lura. Psaila ma ya kira shi, kamar direbansa."

Lahadi da hantsi suka je gidan Lauya Dorval. Dogo ne, mai ƙamshin turare, mai murmushin da ke zuwa da wuri ya tafi da wuri. Shi kam ya ba su kujera, har da kofi.

"Abin tausayi, Sufeto. Dattijo mai kirki. Da ma ina shirin zuwa wurinku. Jiya wajen ƙarfe goma, ina wucewa ta gaban coci, na ga baƙin nan yana hawa matakalar ɗakin littattafai."

"Daga titi ana hango matakalar?"

"To, na ɗan leƙa ciki in yi addu'a."

"Ka hau wurin Malam?"

"A'a, ina sauri. Sha ɗaya muke fara ciyar da iyayengijinmu marasa lafiya. Ga hoto ma, yau ya fito a jarida."

Ya miƙa jaridar. Ga shi nan ya durƙusa gaban wata tsohuwa, da farin safar hannu, da kwanon azurfa, yana kallon mai ɗaukar hoto. Cokalin ma bai nufi bakin tsohuwar ba.

Sufeto ya ajiye jaridar a kife.

"Lauya, ni ban yi nisa a tarihi ba. An ce barde ba ya aure. To ta ina ka fito?"

Lauya ya yi dariya. "Kowa sai ya yi wannan tambayar. Barde Onore Dorval yana da ƙane, Etyen, wanda ya biyo shi daga Faransa ya yi aure a nan. Mu jikokin Etyen ne. Zo ka gani."

Ya kai su jikin bango. Wani ɗan ƙaramin firam ne, cikinsa siririyar tsohuwar takarda mai faɗin yatsa uku. An yi sa hannu mai lanƙwasa da yawa, kusa da shi ga hatimi.

"Hannun Barde Onore ke nan da kansa. Shekara kusan ɗari uku yana gidanmu. A nan kakana ya rataye shi."

Sufeto ya daɗe yana kallo. Ya yaba, ya yi godiyar kofi, suka fita.

A mota ya ce, "Me kika gani?"

"Bangon ya yi fari a kewayen firam ɗin, Yallaɓai. Da can hoton da ke wurin ya ninka wannan sau huɗu. Kuma akwai garin bango a ƙasa, ƙarƙashin ƙusar. Mai aikin gidan ba ta zuwa ranar Lahadi."

"Ni kuma na ga huda uku a takardar."

"Huda ai kowace tsohuwar takarda tana da ita."

"Haka ne. Shi ya sa ba za mu gaya wa Sufritanda komai ba tukuna."

Wanda ya yanke shafin ya manta da abu ɗaya, ko kuma bai taɓa sani ba, don manya ba sa hawa ɗakin ƙura. Tun zamanin da, duk abin da limamin gari ya rubuta a littafin baftisma, ƙarshen shekara sai ya kwafe shi ya aika wa bishop.

Litinin da ƙarfe takwas suna ƙofar ma'ajiyar bishop. Wata tsohuwar sista mai suna Sista Benvenuta ta ɗauko musu kwafin 1743, ta sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya.

"Wane wata, ɗana?"

"Daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, Sista. Nan ne aka yanke."

Ta bi da yatsa, tana mayar da Latin ɗin a hankali. Jarirai ne, ɗaya bayan ɗaya. Sai ta tsaya.

"Wannan ba jariri ba ne. ‘Yau na yi wa Ali baftisma, baƙar fata, ɗan kimanin shekara arba'in, bawan Barde Onore Dorval. An kama shi a teku kusa da Tarabulus, ya yi shekara goma sha huɗu a sarƙa yana tuƙa jirgin yaƙi. An sa masa suna Stiefnu. Ubangidansa ya tsaya masa, ya ba shi sunan gidansa, ya kuma sa hannu da hatiminsa a ƙasan shafin.’"

"Ya ba shi sunan gidansa?"

"Haka ake yi. Bawa in ya karɓi baftisma, sau da yawa sunan ubangidansa yake ɗauka. Stiefnu kuwa, a bakin Faransawa shi ne Etyen."

"Barden yana da ƙane a nan?"

"Indri ya tambaye ni makon jiya. Mun duba tare, babu. Akwai dai auren Stiefnu Dorval da wata mai wanki, bayan shekara biyu. 'Ya'ya shida." Ta cire tabarau ɗaya. "Indri ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce mutumin da ya yi shekara sha huɗu a sarƙa ya fita da ransa ya haifi shida, wannan kakan nunawa ne."

Ƙarfe sha ɗaya da rabi suka isa gidan Lauya Dorval, Saja tana rungume da babban littafin cocin nan da aka yanke wa shafi, a cikin zane. Sun tarar da tela a durƙushe yana kafa allura a gefen baƙar alkyabba, Lauya yana tsaye cikinta gaban madubi. Baron Santelia yana zaune yana ba da umarni a rage tsawo.

"Sufeto, ka zo a kan gaɓa. Yaya ka gani?"

"Ta yi maka yawa. Lauya, ina son aron firam ɗin nan na minti biyu."

Murmushin ya tafi. "Kayan gado ne. Kana da takardar izini?"

Saja ta miƙa masa. Ya karanta ta har sau biyu, kamar mai neman inda aka yi kuskure.

Sufeto ya sauke firam ɗin, ya ɓalle bayansa, ya zaro siririyar takardar. Saja ta buɗe littafin a kan teburin cin abinci, daidai inda aka yanke. Ya ɗora takardar a ƙasan shafin da ke biye, ya daidaita gefe da gefe. Sannan ya juya ga tela.

"Maigida, ara mini allura uku."

Ya soka ta farko a hudar farko. Ta wuce ta cikin takardar ta nutse cikin littafin, ba abin da ya tare ta. Ta biyu ma haka. Ta uku ma haka. Allurai uku suka tsaya cak.

"Ƙwaron da ya ci littafin coci shi ya ci kayan gadonku, Lauya. Rami ɗaya, hanya ɗaya. Ko dai ya riƙa zuwa gidanku cin abincin rana, ko kuma shekaranjiya da safe takardar nan tana cikin littafin nan."

Tela ya tattara almakashinsa ya koma lungu.

Baron ya ce, "Me ke faruwa, Ektor? Wane shafi ne wannan?"

Sufeto ya zaro kwafin da Sista ta rubuta masa, ya karanta da ƙarfi, bai tsallake ko kalma ɗaya ba. Ali, baƙar fata, bawa, shekara goma sha huɗu a sarƙa.

Lauya ya zauna a kan kujera, allurai na alkyabbar suna sukarsa bai ji ba.

"Ban sani ba," ya ce a hankali. "Wallahi ban sani ba sai ranar Asabar. Ya kira ni, wai in fara ji kafin kowa. Yana murmushi. Yana taya ni murna, Sufeto. Wai in yi alfahari."

"Sai ka ce me?"

"Na roƙe shi. Na ce ya rubuta bai sami komai ba, shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya ina bin mutanen nan. Asabar nawa na yi ina share wa tsofaffi yawu? An buga kati. Ya ce shi abin da ya gani zai rubuta, ya juya mini baya kamar ina ɗan aji uku."

"Sai ka ɗauki tagullar."

"Sau ɗaya ne. Ban yi niyya ba."

"Da ya faɗi, yana numfashi?"

Lauya ya shiga gyara wuyan alkyabbar.

"Ina tambayarka."

"Yana nishi."

"Da me ka yanke shafin?"

"Da wuƙarsa ta buɗe wasiƙa."

"Yanka ya yi kyau. Ba hannun mai gaggawa ba ne. Ka tsaya ka daidaita, shi yana nishi a ƙafarka. Wayarka tana aljihu?"

"Tana nan."

"Daga nan ka tafi ka durƙusa wa iyayengijinka marasa lafiya." Sufeto ya ja numfashi ta baki, kamar wanda ya shiga wurin da abu ya ruɓe. "Ina sauran shafin?"

"Na ƙona."

"Wannan fa, me ya hana ka ƙonawa? Da ka ƙona, da yanzu ba ni da komai sai zargi."

Lauya ya ɗago, a karon farko ya dube shi da mamaki na gaskiya.

"Sa hannun Barde ne fa. Da hatiminsa. Ya za a yi in ƙona?"

Saja ta kau da kai.

"To," in ji Sufeto. "Ka ƙona kakanka, ka rataye mai sarƙarsa a falo. Sannan ka nemo wani da ya zo ta teku ka ce shi ne."

Baron ya miƙe, fuskarsa ta yi ja. Ya nufo Lauya. Sufeto ya ɗauka zai yi maganar Malam Indri.

"Cire," in ji Baron. "Cire alkyabbar nan. Jikan bawa. Shekara goma sha ɗaya kana cin abinci a teburina."

Sufeto ya dube shi tun daga takalmi har gashin kai.

"Ranka ya daɗe, an kashe mutum."

"Wannan aikinka ne. Ni ina maganar mutuncin ƙungiya."

"Bar masa ita. Duk garin nan ban ga wanda ta fi dacewa da shi ba, in ba kai ba."

Saja ta ɗaura wa Lauya ankwa. Da suka kai ƙofa Lauya ya tsaya ya ce ko za a fitar da shi ta baya, kuma ko dole ne maganar Ali ta shiga takardar kotu. Maganar kisan bai roƙi a ɓoye ba. Sufeto ya buɗe ƙofar gaba, suka ratsa da shi ta tsakiyar kasuwar Litinin, gefen alkyabbar da ba a gama ɗinkewa ba yana jan ƙasa.

Saura minti ashirin ƙarfe ɗaya aka buɗe wa Tesfalem. Aka ba shi bel ɗinsa da igiyar takalmi da kwalbar shayin da ya hau da ita ranar Asabar. Sufeto ya raka shi har bakin titi, ya ba shi haƙuri, ya gaya masa yadda aka yi.

Tesfalem ya saurara har ƙarshe.

"Shekara sha huɗu yana tuƙi?"

"Haka aka rubuta."

"Mu kwana huɗu muka yi a teku, har yau ba na cin kifi." Ya girgiza kai. "Sunansa fa, ya ƙone ke nan?"

"Akwai kwafi a wurin bishop."

"Kwafi na can. A nan ya zauna." Ya juya kwalbar shayin a hannunsa. "Saura dutse uku in gama matakalar. Na ƙarshen yana can sama, ba mai hawa sai mai buga ƙararrawa. In Fada ya yarda, zan sassaƙa suna biyu a jikinsa, Indri da Ali."

"Stiefnu aka sa masa daga baya."

"Wannan su suka sa masa, Yallaɓai."

Ya gyara igiyar takalminsa, ya nufi coci.

Sufeto ya koma ofis. Burodin ranar Asabar yana nan cikin takardarsa, ya bushe. Jaridar Lahadi ma tana kan tebur, da hoton mai kwanon azurfa. Ya naɗe burodin a cikinta, ya jefa su kwandon shara tare, sannan ya je famfo ya daɗe yana wanke hannu.